Kaza Mai Ƙafa Uku

Ƙarfe tara da 'yan mintuna na safe, ana yayyafi irin wanda ba ya ƙarfi kuma ba ya ƙarewa, Sufeto yana zaune a ofishinsa yana gyara kwanan wata a kwamfutar aiki. Kullum sai ya yi hakan. Da an kashe ta da yamma, da safe sai ta tashi ta koma shekarun baya, kamar tsohon da ya manta an yi masa jikoki.

Sajan ya leƙo. "Yallaɓai, ga mai ƙara nan da wanda take ƙara. Tare suka zo."

"Tare?"

"Shi ne ma ya ɗauko kayan shaidar."

Mace ce ta fara shigowa, tana karkaɗe lema. A bayanta wani siririn mutum ne rungume da kwamfuta. Ya cire rigarsa ta sama ya lulluɓe ta, shi kuwa kafaɗunsa duk a jiƙe. Ya ajiye ta kan tebur a hankali, kamar mai kwantar da jariri.

Matar tana da studiyo inda take haɗa finafinan talla, shi ya sa kowa ke ce mata Mai Studiyo. Mutumin mai gyaran kwamfuta ne a layin masu gyara na kasuwa. Sannu-Sannu ake kiransa, don ba a taɓa ganin ya yi sauri ba.

"Shi ya haɗa mini ita da hannunsa," in ji Mai Studiyo. "Ranar Juma'a ya zo ya share mata ƙura. Yau Litinin na kunna, allo ya yi baƙi. Na leƙa ta gilashin nan na gefe, sai na ga katin hoto, abin nan mai fitar da hoto a allo, ba nawa ba ne. Nawa fanka biyu gare shi, wannan uku. Ya cire mini mai kyau ya sa mini jabu."

"Kai me ka ce?" Sufeto ya tambayi mai gyaran.

"Ban cire ba, yallaɓai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan abin da na sani."

Mai Studiyo ta ce ta riga ta biya ta wurin shugaban ƙungiyar masu gyara. Dokarsu ɗaya ce: wanda aka samu da taɓa kayan mai kawo gyara ba ya sake zama a layin. Shugaban ya ce in aka tashi kasuwa ƙarfe shida sunan Sannu-Sannu bai fita ba, zai sa wa rumfarsa kwaɗo. Shekara goma sha biyu yana wannan rumfa.

Sufeto ya dubi agogo, sannan ya dubi akwatin. Shi mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki. Ya ce, "Kunna mana ita mu gani."

Aka cire allon ofis aka jona mata. Fankoki suka fara juyawa. Sai ga wani zane ya fito a tsakiyar allo, kaza ce da aka zana da hannun yaro, mai ƙafa uku.

Sajan ya tuntsire da dariya. "Wannan fa?"

"Zanen 'yata ne," in ji Mai Studiyo, ba ta yi dariya ba.

"Kowa na haɗa wa inji nakan sa masa alamarsa a bakin ƙofa," in ji Sannu-Sannu. "Ita wannan ta zaɓa."

Kazar ta ɓace. Wani siririn layi ya fara tafiya daga hagu, ya kai rabi, ya tsaya. Allo ya yi baƙi ƙirin, fankoki kuwa suna ta juyawa abinsu.

"Me ya hana ta ƙarasawa?"

Sannu-Sannu ya ɗan sosa ƙeya. "Manhajar da ke cikinta ta wani kamfani ce mai ƙera nasa kwamfutocin, masu tsada. Ba ta yarda ta zauna a gidan kowa sai nasu. To, ni sai na gina mata gida da kayan kasuwa, na rubuta mata 'yar takarda da za ta karanta in ta farka, ta zaci a gida take."

"Wato yaudararta kake yi."

"Lallashi dai, yallaɓai. Amma lallashin yana da iyaka. Akwai kayan da ta sani, akwai waɗanda ba ta taɓa gani ba. In ta leƙa ɗaki ta ga baƙo, sai ta ja ta tsaya. Wannan katin baƙo ne."

"Kamfanin ya yarda da wannan aiki naku?"

"Ba ya so."

"Ba ƙararsa aka kawo mini ba," in ji Sufeto. "Duba katin. Jabu ne?"

Sannu-Sannu ya sunkuya ya daɗe yana kallo ta gilashi. Da ya ɗago, fuskarsa ta sauya. "Ba jabu ba ne. Sabon yayi ne. Kuɗinsa ya ninka nata sau uku."

Mai Studiyo ta sunkuya ta sake leƙa gilashin.

Sufeto ya jingina da kujera. "Sajan, shekara nawa kana aikin nan?"

"Goma sha tara, yallaɓai."

"Ka taɓa ganin ɓarawon da ya kwance jaki ya ɗaure doki a madadinsa?"

"Da zai biyo ta gidana, da na bar masa ƙofa a buɗe."

Sufeto ya sa aka ɗauki hoton komai, sannan ya ba mai gyaran izinin buɗe akwatin. Ya kwance sukurori biyu, ya jera su a kan takarda. Kafin ya taɓa katin sai ya tsaya. A ƙasan akwatin daga ciki akwai ɗan filas da aka manna da salatif.

"An taɓa wannan," ya ce.

"Mene ne shi?"

"Takardar lallashin da na faɗa. Nakan ajiye kwafinta a nan, ko da ta ciki za ta lalace. Ni da almakashi nake yanka salatif, in naɗe bakinsa kamar kunne don ya yi sauƙin ɓarewa. Wannan da haƙori aka yanke shi."

"Wa ya san yana nan?"

"Ni ban ma sani ba," in ji Mai Studiyo.

"Kin fita ɗauko yarinya daga makaranta lokacin da na manna shi," in ji Sannu-Sannu.

"To, kai kaɗai ke nan," in ji Sajan. "Malam, kana haƙa wa kanka rami fa."

"Ranar da ka haɗa ta, wa ke ɗakin?" Sufeto ya tambaya.

Sannu-Sannu ya dubi ƙasa. "Mutane suna shiga suna fita, ni kuma kaina na cikin akwati. Ba na so in ɗora wa wani irin abin da aka ɗora mini, yallaɓai."

Sufeto bai matsa masa ba. Ya ce, "Za ka iya sa ta yi magana?"

"In gwada."

Ya zare sabon katin, ya mayar da wayar allo zuwa wani rami na jikin injin kansa. Ya kunna, ya danne maɓallai biyu. Wannan karon bayan kazar sai fararen rubuce-rubuce suka riƙa gudu a kan baƙin allo. Ta tashi da ƙyar, hoton yana rawa, komai ya yi manya-manya. Ya ce haka za ta yi tafiya da ɗingishi, ba za ta iya aikin fim ba, amma za a iya karanta littafinta. Ashe injin yana rubuta wa kansa duk lokacin da aka tashe shi.

Ya bi layukan da yatsa, a hankali, har Sajan ya fara hamma.

"Ga Juma'a, bayan na gama shara, ta tashi lafiya. Ga Asabar, lafiya. Ga Lahadi, ƙarfe uku saura na rana, an kunna ta, ta tsaya a rabi. Bayan minti goma an sake. Bayan kwata an sake. Sau uku."

"Ba ma buɗewa ranar Lahadi," in ji Mai Studiyo.

"Kai kana ina?" Sufeto ya tambayi mai gyaran.

"Ina gida, ina yi wa mahaifiyata wanki. Ita kaɗai ce shaida, kuma idonta ba ya gani sosai."

Sufeto ya rubuta. Abin da ya fi ɗaure masa kai shi ne sau ukun nan. Ɓarawo yana ɗauka ya gudu ne. Wannan kuwa ya zauna kusan rabin awa yana fatan ta tashi.

Sufeto ya bar Sannu-Sannu a kan benci a bayan kanta, ya ɗauki sabon katin a leda, suka tafi studiyo shi da Sajan da Mai Studiyo.

Ɗaki biyu ne a saman bene. A na ciki an manna soso a bango don kada murya ta yi amsa-kuwwa, ga tebur mai faɗi, a kansa ana ganin gurbin inda akwatin yake zama. Sufeto ya duba ƙofa da taga. Babu alamar ɓalle ko ɗaya.

A ɗakin waje wata matashiya tana zaune a tebur na karɓar baƙi. Ƙanwar Mai Studiyo ce, autarsu, Auta kowa ke ce mata.

"Makulli nawa ne?" Sufeto ya tambaya.

"Biyu," in ji Mai Studiyo. "Nawa da na Auta."

"Auta, naki ya taɓa barin hannunki?"

"Ko sau ɗaya. Kullum yana jakata."

"Mu gan shi."

Ta ciro zoben makullai, ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan ta koma cikin jaka ta lalubo wani shi kaɗai daga ƙaramin aljihu.

"Me ya raba shi da 'yan'uwansa?"

"Zoben ne ya buɗe."

Sufeto ya karɓi zoben ya gwada shi da farce. Da ƙyar ya motsa. Ya mayar mata.

"Lahadi kina ina?"

"Gida, ni da maigidana, wuni guda."

"Me yake yi?"

Mai Studiyo ce ta amsa. "Farfesa? Harkarmu ɗaya. Da a nan yake tare da ni, watannin baya ya ce zai buɗe nasa a gida."

"Malamin jami'a ne?"

"Ina fa. Babu abin da za ka faɗa bai riga ka sani ba, shi ya sa."

Auta ta sunkuyar da kai tana wasa da igiyar jaka.

A bayan sabon katin akwai 'yar takarda mai tambarin wani shagon kayan kwamfuta. Shagon yana ƙasan wani dogon gini, cike da kwalaye har rufi. Mai shagon ya ga kaki sai ya miƙe tsaye.

"Naka ne wannan?" Sufeto ya ɗora ledar a kanta.

"Irinsa dai muna sayarwa. Wannan ban san shi ba."

"Tambarinka ne a baya."

"Ana buga tambarin mutum a ko'ina yanzu, ranka ya daɗe."

"Har da sa hannunka da jan biro?"

"Ranka ya daɗe, na faɗa masa tun farko, in an ɓare kwali ba a mayarwa. A rubuce yake, ga shi can. In ƙarata ya kai, ni ban cuce shi ba."

"Ba wanda ya kai ƙararka. Ba ni labari."

Nan mutumin ya saki jiki. Ya ce sati uku da suka wuce wani ya zo ya ce a ba shi katin da ya fi kowanne. Ya tambaye shi a wane inji zai sa, sai ya ce masa kada ya koya masa aikinsa. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce katin ba ya aiki. Suka sa shi a injin shago, ya yi aiki tsaf. Ya sake dawowa, wannan karon yana neman tsohon yayi mai fanka biyu.

"Na ce masa an daina kawo shi tun tuni. Masu irin wannan haɗe-haɗen sun wawashe na kasuwa. Ko na hannu yanzu sai an sha wuya."

"Wato tsohon ya fi sabon daraja."

"Ga mai bukatarsa, ƙwarai."

"Yaya kamanninsa?"

"Gajere, mai tabarau da igiya a wuya. Ya yi mini lacca ta rabin awa a kan kayan da nake sayarwa shekara ashirin."

A mota Sajan ya ce, "Ashe jakin ne ya san hanyar gida."

"Ashe," in ji Sufeto. "Biya ofis mu ɗauko mai gyara."

Ƙarfe huɗu ta gota suka isa gidan Farfesa. Auta ta riga su dawowa, ita ta buɗe ƙofa. Mai Studiyo ta biyo su a baya. Farfesa yana ɗakin da ya mayar wurin aiki, tabarau a hanci, a gabansa kwamfuta a kunne tana haɗa wani fim.

"Sannunku da zuwa. Yaya, ashe abin har ya kai haka? Ai tun farko na ce a yi hankali da masu gyaran kasuwa." Bai dubi Sannu-Sannu ba.

"Kai ka haɗa wannan?" Sufeto ya tambaya.

"Da hannuna. Abu ne mai sauƙi ga wanda ya fahimci tsarin."

"Wane kati ke ciki?"

Farfesa bai yi gardama ba. Ya zame murfin gefe. Kati ne mai fanka biyu.

"Nawa ne," in ji Mai Studiyo.

"Irin naki dai, Yaya. Kamfani ɗaya ya ƙera dubbai. A hannun wani na saya."

"Wa?"

"Wani ne ta waya. Ban riƙe lambarsa ba."

"Sabon da ka saya a shago fa?"

"Na sayar."

Sufeto ya gyaɗa kai kamar ya gamsu. Ya ja kujera ya zauna. "Ni yau na fara ganin irin wannan inji, abin ya burge ni. Kashe ta ka kunna, in ga yadda taka ke tashi."

"Tana cikin aiki. In aka katse, sai an faro daga farko."

"Saura minti nawa?"

"Kamar ashirin."

"Muna da ashirin."

Suka zauna. Ba a jin komai sai ƙarar fanka da ɗigar ruwa daga indararo. Farfesa ya fara bayani a kan yadda manhaja ke magana da kayan ƙarfe, ya yi nisa, ya ga ba mai amsawa, ya yi shiru. Auta tana tsaye a bakin ƙofa. Sannu-Sannu yana kallon agogon bango.

Aikin ya ƙare. Farfesa ya ce akwai wani da zai fara.

"Kashe ta," in ji Sufeto, a hankali.

Ya kashe. Hannunsa ya tsaya a kan maɓalli, sai Sajan ya miƙa nasa ya danna masa.

Fankoki biyu suka juya. A tsakiyar allo kaza ta fito, da ƙafafunta uku.

Mai Studiyo ta zauna a bakin kujera. Auta ta rufe fuska da mayafi.

"Yaya aka yi zanen 'yar yayar matarka ya shiga injin da ka haɗa da hannunka?" Sufeto ya tambaya.

Farfesa ya cire tabarau. Muryarsa ta yi ƙasa. "Na neme ta in cire, ban san inda ya ɓoye ta ba. Shi ya sa tun Lahadi ban kashe injin ba."

"Fara daga farko."

Ya ce yana tsaye a kan Sannu-Sannu ranar da aka haɗa na Yaya, ya ga komai, ya ɗauka ya iya. Ya sayi kaya irin nata sak, sai dai kati, da ya ga ya kamata nasa ya fi nata. Injin ya ƙi tashi. Sati uku yana fama, ga mutane sun ba shi aiki suna jira. Ranar Lahadi ya karɓi makullin matarsa, ya ce mata caja ya manta a can. Ya kwafi filas ɗin, ya musanya katin.

"Me ya hana ka kai wa mai gyara tun farko?"

Auta ce ta ce daga cikin mayafi, "Ya riga ya gaya wa kowa shi ya koya masa aikin."

"Amma ba sata na yi ba," in ji Farfesa. "Musaya ce, har da riba. Na gwada sau uku ko zai tashi a nata. Da ya ƙi sai na ce ai za ta kira shi, shi ba abin da ke gagararsa."

"Zai tashi?" Sufeto ya juya ga mai gyaran.

"Ko shekara zan yi a kansa, ba zai tashi ba."

Sufeto ya koma kan Farfesa. "Ka bar mata abin da ka san ya ƙi ka. Wannan ɗaya. Da safe matarka ta kira ka ta ce an tafi da wannan bawan Allah ofishinmu?"

"Ta kira."

"Ka san zancen kwaɗon ƙarfe shida?"

Ya ce, "Na sani."

"To, wannan ne ya fi katin nauyi. Tashi mu je."

Sajan ya sa masa ankwa. Da za su fita Auta ta kama hannun yayarta, ita kuwa ta zare hannun a hankali, ta ce, "Ba yau ba, Auta."

Shida saura kwata Sufeto ya kira shugaban ƙungiya, ya ce masa ya mayar da kwaɗonsa aljihu. Aka rubuta lambar tsohon katin, aka ɗauki hotonsa, sannan Sannu-Sannu ya mayar da shi gidansa a kan teburin ofis. Ya yanki sabon salatif da almakashin Sajan, ya naɗe bakinsa kamar kunne. Ya kunna. Kaza ta fito, layi ya kai rabi, ya ɗan tsaya kamar mai tunani, sannan ya wuce har ƙarshe.

Mai Studiyo ta tsaya tana murza lemarta. "Malam, ban san da wane baki zan..."

"Ki daina ajiye ta kusa da taga," ya ce. "Damina ce."

Sajan ya taimaka mata da akwatin zuwa mota. Aka miƙo wa Sannu-Sannu ambulan ɗin kayan aljihunsa da aka karɓa da safe, da takardar bayaninsa ya sa hannu. Ya karanta ta a hankali. A sama ya ga an soke kwanan wata na shekarun baya da kwamfutar ofis ta buga a fom ɗin, an gyara da biro.

Sufeto yana bakin taga, ya juya baya, yana ba shugabansa rahoto ta waya. Kwamfutar ofis tana kashe tun da aka ari allonta. Sannu-Sannu ya zazzage ambulan ɗin, ya tsinci wani ɗan batir mai kama da kwabo a cikin sukurori, irin wanda ke riƙe wa kwamfuta kwanan wata. Ya durƙusa, ya buɗe gefenta, ya cire tsohon ya sa sabon. Ya jona allon, ya kunna ta, ya saita rana da lokaci, ya sake kashewa.

Ya ɗauki rigarsa da ba ta gama bushewa ba, ya fita cikin yayyafi. Sufeto yana can yana cewa, "A'a, yallaɓai, ƙafa uku. Kaza ce."